Motar Kara da Lissafi

Yaran Birnin Kudu da Gwaram gwanaye ne wajen ƙera motar kara, amma da ido suke awo, shi ya sa taya kan fi ƙofa girma. Masu ƙera 'yan ƙananan tashoshin jirgin ƙasa, har da motocin ma'aikatan reluwe a gefen dogo, lissafi suke bi. Yawancinsu da 87 suke raba kowane tsawo.

A ɗauki Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna. Tsawonta kusan mita 4.5 ne, sai ta koma santimita 5 da ɗoriya. Wannan ya yi wa kara ƙanƙanta. Ɗalibi ya raba da 20, ya sami santimita 22 da rabi. Amma fa taya, ƙofa da direba duk da 20 ɗin za a raba su, in ba haka ba direba ba zai shiga motarsa ba.