Kifin Da Ke Haihuwar 'Ya'ya

Masu kiwon kifin ado a akwatin gilashi sun san moli, ɗan kifin nan da asalinsa ƙasar Meziko ne da maƙwabtanta. Macen ba ta zuba ƙwai kamar karfasa, 'ya'ya take haifa, bayan ciki na wajen mako 4 zuwa 6.

In haihuwa ta gabato, cikin kan cika har ya yi kusurwa, ta rage cin abinci, ta riƙa laɓewa bayan ciyayi. Tabon da ke kusa da duburarta ya ƙara duhu, ko da yake a jikin baƙar moli ba a ganinsa.

To, a nan ake hattara. A keɓe ta cikin ruwa mai tsabta, mai ɗumin digiri 26, da ciyayi masu yawa. Da ta gama a fitar da ita, domin uwar da kanta takan cinye 'ya'yan.