Bayan Tiyatar Jijiyar Ƙafa, Tausayi Shi Ne A Taka Ƙasa

A matsayina na ma'aikaciyar jinya 'yar Wagini, na san jijiyoyin nan da ke kumbura su murɗe a sha-raɓar manoma da matan da suka yi haihuwa da yawa. Cikin waɗannan jijiyoyi akwai 'yan ƙofofi da ke hana jini komawa ƙasa a hanyarsa ta zuwa zuciya. Idan suka saki, jini ya taru, ƙafa ta yi nauyi, wani lokaci har gyambo ya ɓulla kusa da idon sawu. Aikin cire irin wannan jijiya sai manyan asibitoci, kamar Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina ko na Aminu Kano. Amma warkewar a gida ake yinta, a hannun 'ya ko suruka.

A al'adarmu, ƙaunar maras lafiya ita ce a ce masa, "Baba, kwanta ka huta, kada ka motsa." A wannan ciwo kuwa doguwar kwanciya haɗari ce, domin jinin da ba ya gudana yana iya dunƙulewa cikin jijiya, dunƙulen ya tafi huhu. Shi ya sa tun ranar aiki ko washegari muke kama hannun majinyaci mu ce, "Sannu Baba, bismillah, mu je bakin ƙofa mu dawo." Zai yi tsoro, zai ce ɗinkin zai ɓalle. Nas ta gari ba ta tsawa. Bayani take yi, ta jira shi ya shirya.

Kafin sallama nakan zaunar da mai jinya in yi mata wannan bayani. Majinyaci ya zagaya tsakar gida na 'yan mintuna sau da yawa a yini. In an zauna, a ɗora ƙafa bisa matashi, ta fi ƙugu tudu. Safar matse ƙafa tana da takura, musamman da bazara, amma a ci gaba da sa ta har wa'adin da likita ya ɗiba. Kada a gasa wurin da ruwan zafi, kada wanzami ya kafa ƙaho, kada a barbaɗa garin magani a ɗinki. Salla a zaune ta halatta ga wanda tsayuwa ta gagara.

Hanyarmu ma abin lura ce. Zama a cunkushe cikin mota daga Katsina zuwa Batsari, sannan babur zuwa Wagini, yana tara jini a ƙafa. A riƙa motsa sawu. Tunda matsalar tsaro a yankin Batsari da Safana ta sa tafiyar dare ta yi wuya, kada a jira duhu: in sha-raɓa ta kumbura da zafi, ko aka ga zazzaɓi ko mugunya, a nufi asibiti da rana. Ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi kuwa ba a jinkirta masa ko awa ɗaya.