Jinya a Gida, Biya daga Gwamnati: Yadda Amurka ke Kula da Masu Nakasa

A shekarar 1981 Katie Beckett tana da shekara uku, kusan duk rayuwarta kuma a gadon asibiti ta yi ta, a jihar Iowa ta Amurka. Kumburin ƙwaƙwalwa ne ya kama ta tun tana jaririya, ya bar ta da dogaro ga na'urar numfashi. Likitoci sun yarda a sallame ta, amma doka ta hana ruwa gudu. Medicaid, shirin gwamnati mai ɗaukar nauyin jinyar marasa ƙarfi, yana biya ne muddin tana asibiti. Da zarar ta koma gida, sai a duba albashin iyayenta a yanke tallafin. Alhali kuɗin asibitin ya ninka na jinyar gida kusan sau shida. Sai da Shugaba Ronald Reagan ya sa baki aka sassauta.

A shekarar ce kuma aka ba jihohi izinin kashe kuɗin Medicaid wajen kula da masu nakasa a gidajensu. Jami'i kan zo ya tantance abin da mutum ba ya iya yi da kansa: wanka, sa tufafi, girki, tashi daga gado zuwa keken guragu. Sai a yanka masa awoyin da mai taimako zai riƙa zuwa a mako. Akan faɗaɗa ƙofar banɗaki, a gina gangare inda matakala take. Jihohi da dama ma suna biyan ɗan'uwan da ke jinyar.

A 1999 Kotun Ƙoli, a shari'ar Olmstead da aka shigar a madadin wasu mata biyu masu nakasa, Lois Curtis da Elaine Wilson, ta yanke cewa killace mai nakasa a cibiya ba gaira ba dalili wariya ce. Zuwa 2013, abin da Medicaid ke kashewa a jinyar gida ya haura na cibiyoyi.

Sai dai da sauran rina a kaba. Doka ta wajabta wa jihohi biyan kuɗin cibiyoyin jinya, amma yawancin hidimar gida ganin dama ce. Saboda haka jiha kan ƙayyade yawan gurabe, kuma a 2023 mutum kusan 700,000 ne ke kan layi, wasu shekara da shekaru. Wanda ya samu gurbi ma sai ya rasa mai taimako, domin albashin aikin bai taka kara ya karya ba. Kafin layi ya zo, iyaye mata da 'yan'uwa ne ke ajiye aikinsu su riƙe jinyar, ba tare da ko sisi ba.