Yaro Zai Tafi Jami'a: Wane Asusun Banki Ya Dace Da Shi?

Kowace shekara yara da yawa daga karkara suna samun gurbin karatu a jami'a. Wannan abin farin ciki ne ga iyaye. Amma bayan murna sai maganar kuɗi. A da, uba yakan ƙulle kuɗi ya ba direban mota ya kai wa ɗansa. Yanzu ta banki ake aikawa. Saboda haka dole yaro ya buɗe asusu kafin ya bar gida.

Idan ya je banki, galibi asusu iri biyu za a nuna masa. Akwai ƙaramin asusun ajiya, akwai kuma asusun ɗalibai. Ya kamata iyaye su san bambancinsu.

Ƙaramin asusu

A shekarar 2013 Babban Bankin Nijeriya ya kasa asusun ajiya mataki uku, domin talaka ma ya samu shiga banki. Mataki na farko shi ne ƙaramin asusu. Buɗe shi ba wuya. Ana neman suna, da hoto, da adireshi, da lambar waya. A ƙarshen 2023 Babban Banki ya ƙara sharaɗi, cewa sai da lambar BVN ko lambar NIN. BVN ita ce lambar da banki yake ba mutum bayan ya ɗauki hoton yatsunsa. NIN kuwa lambar shaidar ɗan ƙasa ce.

Sai dai wannan asusu yana da iyaka. Ba a zuba masa fiye da naira 50,000 a lokaci ɗaya. Kuma ba ya riƙe fiye da naira 300,000.

Ga misali. Manomi ya sayar da sa a kasuwa, ya ware naira 200,000 don rajista da ɗakin kwanan ɗansa. Ya je wurin mai POS ya ce a tura. Idan ƙaramin asusu ne da yaron, kuɗin za su iya ƙin shiga, ko su shiga banki ya riƙe su sai an kawo ƙarin takardu. Ga shi kuwa rajista tana da ranar rufewa. Kuɗi suna nan, amma yaro yana can hannu rabbana.

Asusun ɗalibai

Shi ma asusun ajiya ne, amma an tsara shi don 'yan makaranta. Kowane banki da sunan da ya sa wa nasa. Galibi ana buɗe shi ko da ba a zuba ko kwabo ba, kuma wasu bankuna suna karɓar mai shekara 16. Ana ba da katin cire kuɗi. Bayan BVN da NIN, za a nemi takardar samun gurbin karatu ko katin shaidar ɗalibi.

Idan takardun yaro sun cika, banki yakan ɗora shi a mataki na sama, inda iyakar kuɗi take da faɗi ko babu ita. Amma sunan asusu kaɗai ba ya isa. Yaro ya tambayi ma'aikacin banki ƙarara: "Nawa ne iyakar abin da zai iya shiga?"

Idan ya gama karatu, banki yakan mayar da asusun na kowa da kowa.

To, wanne za a zaɓa?

Karatun jami'a shekara huɗu ne ko fiye. Kuɗi za su yi ta shiga da fita. Don haka asusun ɗalibai ya fi dacewa. Ƙaramin asusu na wucin gadi ne. Wanda takardunsa ba su cika ba ya fara da shi, ya riƙa karɓar kuɗin abinci da na mota. Da zarar ya samu katin makaranta sai ya koma banki a ɗaga masa mataki.

Akwai wani dalili kuma. A 2024 gwamnatin tarayya ta fara ba ɗalibai rancen karatu ta hukumar NELFUND. Rance ne marar kuɗin ruwa. Kuɗin makaranta hukumar take biya kai tsaye ga jami'a. Kuɗin kashewa kuwa, wanda aka fara da naira 20,000 a wata, asusun ɗalibi suke shiga. Ana neman NIN da BVN da lambar JAMB. Ke nan asusun kawu ko na yaya ba zai yi ba. Sai na yaron, da sunansa.

Abubuwan lura

Na ɗaya, suna ya zama iri ɗaya a kowace takarda. Idan a JAMB an rubuta sunan mahaifi, a NIN kuma sunan gari, za a sha wahala. Haka ranar haihuwa. A gyara tun ana gida.

Na biyu, a zaɓi bankin da yake da reshe ko na'urar cire kuɗi a cikin jami'ar ko kusa da ita. Cire kuɗi a na'urar wani banki yana da caji, mai POS ma yana karɓar ladansa.

Na uku, a tambayi abin da ake cirewa na kati da na saƙon waya. Kaɗan-kaɗan ne, amma a shekara suna taruwa.

Na huɗu, asusun ajiya yakan haifi kuɗin ruwa. Wanda ba ya son haka akwai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, kamar Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya fara a 2019.

Na biyar, a tabbata banki mai lasisi ne, wanda hukumar NDIC take tsaya wa. A 2024 hukumar ta ɗaga abin da take biyan mai ajiya idan babban banki ya rushe zuwa naira miliyan 5.

Na ƙarshe, lambar sirri ta kati sirri ce. Kada yaro ya faɗa wa aboki, ko wanda ya kira shi a waya ya ce daga banki yake. Banki ba ya tambayar wannan lamba. Kada kuma ya ara wa kowa asusunsa a zuba kuɗin da bai san asalinsu ba, domin idan na zamba ne shi za a fara kamawa.

Iyaye su raka 'ya'yansu banki tun kafin ranar tafiya, su yi tambaya har su gane. Matambayi ba ya ɓata.