Shaida ba lamuni ba ce: abin da mai jinginar da gida a Ribah ya kamata ya sani

Ɗan kasuwa ko ma'aikacin gwamnati da ke Ribah, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Danko/Wasagu a masarautar Zuru, idan ya nemi rance daga banki ya ba da gidansa jingina, yakan ci karo da wata matsala da bai zata ba: samun wanda zai sa hannu a matsayin shaida. Abokin ciniki sai ya yi ta kame-kame, maƙwabci kuma ya ce yana da uzuri. Dalilin wannan ɗari-ɗari ɗaya ne, wato tsoron kada ranar da bashi ya gagara biya a zo a kama su.

Wannan tsoro ya samo asali ne daga haɗa abubuwa biyu da doka ta raba. Mai tsayawa, wanda ya ɗauki lamuni, shi ne ya yi alkawarin biya idan mai rance ya gaza. Shaida kuwa bai ɗauki nauyin ko kobo ba. Abin da sa hannunsa ke tabbatarwa shi ne cewa wane ɗan wane ya rattaba hannu a gabansa, a rana kaza. Iyakar abin da zai biyo baya shi ne a kira shi kotu ya faɗi abin da ya gani, in an yi jayayya. Sai dai wajibi ne ya duba layin da zai sa wa hannu, domin takardar lamuni takan zo a cikin tarin takardun banki ɗaya da ta jingina.

Wa ya dace? Baligi mai hankali, wanda ba ya cikin masu yarjejeniyar, kuma za a iya samunsa bayan shekaru. Zai rubuta cikakken suna, adireshi da sana'a. Sharaɗi mafi muhimmanci shi ne ya kasance a wurin lokacin da ake sa hannu. Al'adar nan ta aika takarda da ɗan acaba zuwa shagon wani don ya cike gurbin shaida ganganci ce, domin ita ce ƙofar farko da lauya zai bi ya rushe takardar. Mata ko ɗa sukan yi shaida, amma bankuna sun fi natsuwa da bare, wanda ba shi da rabo a gidan. Musulmi da dama kan so shaidu biyu, bisa koyarwar aya ta 282 a Suratul Baƙara kan rubuta bashi.

Akwai ƙarin tanadi ga wanda ba ya karanta Turanci. Dokar kare marasa karatu ta wajabta wa marubucin takardar ya sa sunansa da adireshinsa, tare da bayanin cewa an karanta wa mai gidan, an fassara masa da harshen da yake ji, Hausa ne ko Dakarci, kafin ya dangwala yatsa. Irin wannan an fi yin sa a gaban majistare.

Shaidu komai nagartarsu ba sa maye gurbin izinin hukuma. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, a sashe na 22, ta hana jinginar da fili mai takardar mallaka ta gwamna sai da amincewarsa; sashe na 21 kuma ya ɗora amincewar filayen gargajiya a kan ƙaramar hukuma. A shari'ar Savannah Bank da Ajilo a 1989, Kotun Ƙoli ta soke jinginar da aka yi ba da wannan izini ba. Saboda haka bayan an gama sa hannu a Ribah, takardar fili mai shaidar gwamna sai ta tafi Birnin Kebbi, a nemi izini, a biya kuɗin hatimi, sannan a yi mata rajista a ofishin filaye.