Tirela Ta Dawo Hanyar Dogon Dawa: A Saurari Tsofaffin Direbobi

Tun da aka sake buɗe karar Birnin Gwari a watan Nuwamba na 2024, bayan sulhun da gwamnatin Jihar Kaduna ta ƙulla da 'yan bindigar dajin, manyan motoci suka fara komawa hanyar da suka daɗe da ƙaurace wa. Tirela ta taso daga Funtua da masara, ta bi ta Dogon Dawa ta faɗa Birnin Gwari, daga nan ta miƙi hanyar Tegina da Mokwa zuwa Kudu. Duk wanda ya san abin da yankin nan ya gani, tun daga harin asubar da aka kai wa masallata a Dogon Dawa a watan Oktoba na 2012, ba zai ƙi jin ƙarar injin daf a bakin titi ba, don alama ce kasuwa ta farfaɗo. Sai dai akwai yaran da suka tashi a shekarun da hanyar ta yi tsit, ba su saba da babbar mota ba. Mu manya kuma tsoron daji ya sa mun manta cewa ita ma tana kisa.

Waɗanda ba su manta ba su ne tsofaffin direbobi. Ka same su a tasha bayan la'asar, za ka sha labarin Bedford da Austin masu bodin katako, da Marsandi 911 da ta riƙe hanyoyin ƙasar nan shekaru da dama, da Fiat ɗin da ake haɗawa a Kano, da Steyr ta Bauchi, da Leyland ta Ibadan. Wasu sun ja tanka daga matatar Kaduna bayan an buɗe ta a 1980. Wasu sun yi dakon siminti da rodi zuwa madatsar Shiroro, wasu sun ƙare ƙuruciyarsu a kan tifa suna zuba tsakuwa lokacin da ake gina Abuja. Hirar ba ta rasa ƙarin gishiri, kowa dai shi ne bai taɓa kwana a hanya ba. Amma idan ka tace ta, magana ɗaya ce ke fitowa: motar zamaninsu ba ta da ƙarfi, ba ta da gudu, saboda haka dole direba ya san nauyin da ke bayansa.

A lissafin masana'antar da ta ƙera ta, 911 mota ce ta kimanin tan 9, ita da kayanta. Idan ta zo hawa, direba ya sa giya ɗaya, mota tana nishi, yaron mota ya diro da wejin katako a hannu yana bin tayar baya a ƙafa. Da ta nuna alamar sarewa sai ya cusa wejin, a huta, a sake yunƙurawa. Tirelar yau kuwa buhun siminti 600 take ɗauka, tan 30 ke nan, akwai ma mai ɗaukar 900. Buhun masara mai kilo 100 guda 300 ya kai tan 30 ɗin, kuma kowa ya san ba a nan ake tsayawa ba idan kaka ta yi albarka. Injin Howo ko Mack zai ja wannan kaya ya haye tudu ba tare da direba ya ji komai a jikinsa ba. Ƙarfin ja ya ƙaru sosai, amma tsayawa har gobe aikin birki ne da taya da kwalta.

Motar da ke tafiyar kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Kafin direba ya ga akuya ko yaro, ya ɗaga ƙafa, iska ta isa birkin baya, motar ta riga ta ci tsawon gidaje. Idan aka ninka gudu, tazarar da mota ke buƙata ta tsaya bayan birki ya kama ba ninki biyu take yi ba, ninki huɗu take yi. Shi ya sa ƙa'idar hanya ta ƙasa ta tsayar wa tanka da tirela kilomita 50 a awa a babbar hanya, 60 a tagwayen hanya. Ɗan acaɓan da ke shan gaban tirela ya yanke cikin kasuwa yana lissafi ne da birkin babur ɗinsa. Haka mai tallan da ke tsayawa dab da ƙofar yaron mota, ko a gaban hancin motar: direba yana can sama, ba ya ganinta, madubi ma ba ya nuna ta. Wanda ba ya hango fuskar direba a madubin gefe, to ya tabbata direban ma bai san da shi ba. Idan kuma tirela za ta sha kwana, tayoyin baya ba sa bin sawun na gaba, ciki suke yankowa, nan ne kuma masu babur ke son rakuɓewa.

A gangara abin ya fi muni. Direban da ya saki mota a babbar giya yana ta taka birki, zafi ne ke taruwa a ƙafafun har birkin ya daina kamawa, ko iskar ta ƙare a tanki. Sai ka ji an ce birki ya tsinke, kamar wata ƙaddara ce ta faɗo daga sama. Tsohon direba zai gaya maka giyar da ka hau tudu da ita, da ita ake sauka. Zai kuma nuna maka abin da yake yi kafin ya tashi mota da asuba: ya buɗe tankin iska ruwan da ya taru ya zube, ya zaga yana ƙwanƙwasa kowace taya da ƙarfe yana sauraron amonta, ya taɓa notuna, ya jira allurar iska ta cika kafin ya sa giya. Ba ya ɗaukar minti ashirin. Yau sau da yawa oga yana barci, ya miƙa wa yaron da bai gama koyo ba sitiyari, yaron kuma ya kora ƙwayar tiramol da shayi don kada barci ya ɗauke shi. Ƙwaya ba ta biyan bashin barci. Ido a buɗe yake, amma ƙafa ta makara.

Abin da ya fi shafar mutanen karkara kai tsaye shi ne hawa saman lodi. Manomi ya loda masararsa, kuɗin ƙaramar mota ya yi masa yawa, sai ya ɗare kan buhuna ya bi kayansa. A motar shanu kuma katako ake girkawa a saman bodi, mutane su jeru a kai, ƙafafu na reto a kan ƙahonni, ga babura an ɗaure a gefe, ga buhunan gawayi. Duk abin da aka ɗora sama yana ɗaga nauyin motar, sai ta riƙa rangaji, ramin da za ta shiga ta fita lafiya sai ya kifar da ita. Wanda ke sama ba shi da abin riƙewa. Ko dai a yi jifa da shi, ko kayan su danne shi. A watan Satumba na 2024, a yankin Agaie na Jihar Neja, tankar mai ta yi karo da babbar mota ɗauke da shanu da matafiya, mutum fiye da 40 suka ƙone. Talauci ne ke sa mutane hawa, ba ganganci kaɗai ba, na sani. Amma fatake huɗu ko biyar za su iya wakilta mutum ɗaya ya zauna a gaba kusa da direba ya raka kaya, sauran su haɗa kuɗi su bi a ƙaramar mota, ko su jira sakamako ta waya. Shugabannin tasha da sarakunan kasuwa suna da ikon hana mota tashi da mutane a sama, kuma sun fi jami'in da ke tsaye a hanya sanin wadda ta yi hakan.

Waɗanda suka yi aikin hanya a cikin tsofaffin nan suna da wani ƙorafin daban. Sun ga yadda ake zuba jar ƙasa, a yayyafa ruwa, rola ta bi ta danne, a sake zubawa, kafin tsakuwa da kwalta su hau. Sun san an auna titin ne da wani nauyi. Gwajin da aka yi a Amurka tsakanin 1958 da 1960 ya nuna cewa idan aka ninka nauyin da ke kan layin taya ɗaya, ɓarnar da yake wa titi tana kai kusan ninki 16. Ƙa'idar ƙasashen Afirka ta Yamma ta tsayar da tan 11.5 a kan layin tayoyin da ke jan mota. Wanda ya ɗora masa tan 16 yana ganin ɗan ƙari ya yi, alhali cin da yake wa kwalta ya kusa ninki huɗu. Daga nan sai tsaga, ruwan damina ya shiga, rami ya buɗe, kwalbati ya zauna. Mutumin Birnin Gwari ba ya buƙatar a gaya masa abin da rami ke jawowa a tsakiyar daji: inda mota ta rage gudu dole, nan ake tare ta. Ribar buhunan da aka ƙara ta shiga aljihun mutum biyu ko uku, gyaran sifirin da kwanan hanya kuma na kowa ne.

Saura tanka. Idan ta faɗi, ba ganima ba ce. A Majiya ta Jihar Jigawa, a watan Oktoba na 2024, mutum fiye da 150 suka rasu, akasarinsu sun je kwasar fetur ne. Wata uku bayan haka, a mahaɗar Dikko ta Jihar Neja, aka sake rasa fiye da 80 ta irin wannan hanya. Ba ruwan man ne ke fara kamawa ba, tururinsa ne, kuma ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa yana gangarawa kwata da rami inda ido ba ya ganinsa. Tartsatsin bokitin ƙarfe, ko tayar da babur, ko janareta, ya isa. A ja yara a yi nisa, ta ɓangaren da iska ke fitowa kuma ta wajen tudu, a kashe wutar masu shayi da masu tsire da ke kusa, a tsayar da motoci tun daga nesa, sannan a kira hukumar kiyaye haɗurra a lamba 122. Idan kuma babbar mota ce ta lalace a kan titi, ganyen da ake yankowa a jera yana aiki da rana ne kawai. Kafin magariba a nemi direban ya kafa alama mai ƙyalli nesa da motar, gaba da baya, musamman idan a bayan kwana ta tsaya.