Yadda kan sarkin kwabo ɗaya ya koma na fam 495,000 a Birtaniya

A watan Disamban 2021, kamfanin gwanjo na Sotheby's da ke Landan ya fito da wata 'yar guntuwar baƙar takarda da ba ta fi kan babban yatsa girma ba, ya ce yana sa ran za a saye ta tsakanin fam miliyan 4 zuwa miliyan 6.

Takardar kan sarki ce na kwabo ɗaya, wanda ake kira Penny Black, wato kan sarki na farko da aka fara liƙa wa wasiƙa a duniya.

An same shi manne a jikin wata takarda daga kundin wani ɗan majalisar dokokin Birtaniya mai suna Robert Wallace, ɗauke da kwanan wata 10 ga Afrilun 1840, makonni uku kafin a fara sayar wa jama'a irinsa. Masana sun ce shi ne mafi tsufa da aka iya tabbatar da ranarsa.

Da ranar gwanjon ta zo, ba a samu wanda ya taya kuɗin da ake nema ba. Haka aka mayar wa mai shi kayansa.

Amma a wurin dillalai ana samun Penny Black ɗin da aka taɓa aika wasiƙa da shi a kan ƙasa da fam 100, idan ya ɗan ji jiki. Hoto ɗaya, shekara ɗaya, maɗaba'a ɗaya. To me ya raba su?

Wasiƙar da mai karɓa ke biya

Kafin 1840, a Birtaniya galibi wanda aka aiko wa wasiƙa ne ke biyan kuɗin. Ana lissafa kuɗin ne da nisan tafiya da yawan fallayen takarda. Wasiƙa ɗaya daga Landan zuwa Edinburgh takan ci fiye da sule guda, abin da ya fi ƙarfin talaka. Mutane da yawa sukan ƙi karɓa, gidan waya ya tashi a tutar babu.

A 1837 wani malamin makaranta mai suna Rowland Hill ya wallafa ɗan littafi yana ba da shawarar a mayar da kuɗin kwabo ɗaya kacal ga duk wasiƙar da ba ta wuce nauyin kimanin giram 14 ba, ko ina za ta je a cikin ƙasar, kuma mai aikawa ya biya tun farko. Shaidar biyan ita ce 'yar takarda mai danƙo a baya.

Gwamnati ta amince. An fara aiki da sabon farashin ranar 10 ga Janairun 1840, aka fara sayar da Penny Black ranar 1 ga Mayu, ya fara aiki ranar 6 ga watan. Wasiƙun da aka aika sun tashi daga kimanin miliyan 76 a 1839 zuwa kimanin miliyan 169 a 1840.

Hoton da ke jiki kan Sarauniya Biktoriya ne, wanda aka kwaikwayo daga siffar da aka yi mata tana 'yar shekara 15. Ba a rubuta sunan ƙasa ba, kuma har yau Birtaniya ba ta rubutawa, kan mai sarauta ne shaida. Daga irin wannan hoto ne Hausawa suka laƙaba wa takardar sunan da ya bi ta har yanzu, kan sarki.

Na farko ne, amma ba shi da wuyar samu

Kuskuren da sababbin shiga ke yi shi ne zaton tsufa ne ke kawo tsada. Maɗaba'ar Perkins, Bacon & Petch ta buga Penny Black guda 68,808,000 cikin ƙasa da shekara guda, kuma ana kiyasin fiye da miliyan ɗaya na nan har yanzu. A lokacin ba a cika amfani da ambulan ba. Wasiƙar ake naɗewa a liƙa kan sarkin a bayanta, don haka duk wanda ya adana wasiƙa ya adana kan sarkinta.

Abin da masu tarawa ke dubawa daban ne.

Na farko shi ne gefe. Penny Black ba shi da hujojin da ake yagewa, waɗannan sai a 1854 aka fara su a hukumance. Da almakashi ake yanka shi, kuma tazarar da ke tsakanin ɗaya da ɗaya 'yar kaɗan ce. Mafi yawa an ci musu gefe. Wanda ya tsira da farin gefe ta duk kusurwa huɗu yakan ninka sauran kuɗi.

Na biyu shi ne haruffa. Kowane falle na ɗauke da guda 240, layi 20, kowane layi guda 12. Dattawan da suka riski kuɗin da Najeriya ta yi amfani da su kafin 1973 za su gane lissafin nan take: kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya. Wato layi sule ne, falle fam ne. A kusurwoyin ƙasa na kowane kan sarki akwai haruffa biyu da ke nuna gurbinsa a fallen, daga AA zuwa TL.

Na uku shi ne farantin ƙarfen da aka buga da shi. Faranti 11 aka yi amfani da su, kuma da yake da hannu aka buga haruffan kusurwa, kowane faranti na da 'yan karkace-karkacensa da gwanaye ke ganewa da gilashin ƙara girma. Faranti na 11 guda 168,000 kawai ya buga da baƙar tawada, shi ya sa nasa suka fi tsada nesa ba kusa ba.

Kuskuren da ya zama dukiya

Penny Black bai daɗe ba. Jan hatimin da gidan waya ke buga masa ba ya fitowa sosai a kan baƙi, wasu kuma suka gano yadda ake wanke shi a sake amfani da kan sarkin. A watan Fabrairun 1841 aka juya lamarin: kan sarki ya koma ja, hatimi ya koma baƙi. Sabon shi ne Penny Red, wanda aka buga kimanin biliyan 21 cikin kusan shekara 40. Mafi yawansu a yau ba su wuce kuɗin shayi ba.

Amma akwai ɗaya da ya fita zakka. Daga 1864 an riƙa saka lambar faranti da ƙananan alƙaluma a cikin adon gefen kan sarkin. Faranti mai lamba 77 an ƙi amincewa da shi tun a matakin gwaji, saboda hotunan ba su jeru daidai yadda injin huda zai bi tsakaninsu ba. Bai kamata ko ɗaya ya fita ba, amma wasu 'yan ƙalilan sun fita, waɗanda aka sani ba su wuce a ƙirga da yatsu ba.

Ɗaya na Ɗakin Karatu na Birtaniya, ɗaya na cikin tarin gidan sarauta, wanda Sarki Joji na Biyar, mai tsananin sha'awar wannan harka, ya bunƙasa. A 2016 kamfanin Stanley Gibbons ya sayar da wani a kan fam 495,000.

Abin da aka yi niyyar jefarwa shi ne ya fi na kirkin daraja, don kawai babu shi.

Bugun gwaji

Wannan ne ya kai manyan masu tarawa ga wani fanni da ya fi ƙuntata: takardun da aka buga kafin a buga kan sarkin kansa.

Hanyar da maɗaba'ar ta bi ƙirƙirar wani Ba'amurke ce, Jacob Perkins. Mai sassaƙa zai zana hoton a kan ɗan guntun ƙarfe mai laushi, a ƙona shi ya yi tauri. Sai a mirgina wani zagayayyen ƙarfe a kai ya ɗauki hoton, a taurara shi, sannan a danna shi sau 240 a kan babban faranti. A kowane mataki ana shafa tawada a buga kwafi ɗaya ko biyu don a ga yadda aikin ke tafiya. Waɗannan su ne bugun gwaji.

Su ne ke ba da labarin da kan sarkin ba zai bayar ba. Daga cikinsu ake ganin ƙarfen farko da Charles Heath da ɗansa Frederick suka yi aiki a kai, wanda aka ƙi saboda adon bayan kan Sarauniya bai yi zurfin da zai kwafu ba, dole aka sake wani.

Akwai kuma waɗanda ake kira gwajin bakan gizo. Lokacin da ake neman maganin masu wanke hatimi a 1840, an riƙa buga hoton da tawada kala-kala, ja da shuɗi da kore da sauransu, ana zuba musu sinadarai a ga wadda za ta lalace idan an taɓa ta. An toshe kusurwar sama ta dama ta kowane ɗaya don kada wani ya liƙa wa wasiƙa. Wannan gurbi da aka bari fari shi ne alamarsu a yau.

Sai fallen amincewa, wato fallen farko na kowane faranti da ake kai wa hukuma a Somerset House ta duba ta sa hannu kafin a ci gaba da bugu. Manyan fallayen suna Gidan Tarihin Gidan Waya da ke Landan, amma tun a ƙarni na 19 an yanke wasu daga jikinsu aka bai wa manyan jami'ai, kuma waɗannan ne ke yawo a kasuwa.

Daga 1855 kamfanin De La Rue ya shigo harkar, shi kuma yakan buga gwajinsa a kan farin kati mai sheƙi, sau da yawa da kwanan wata da bayanin ko an riga an taurara ƙarfen ko tukuna. Irin wannan kati wani lokaci shi kaɗai ne a duniya.

Inda akwai kuɗi akwai jabu

Tsadar faranti na 77 ta jawo 'yan damfara. Dabararsu mai sauƙi ce: a nemo na faranti 177, wanda yake da arha, a kankare lamba ɗayan da ke gaba. Wasu kuma sukan ƙara wa Penny Black farin gefe da wata takarda, ko su wanke hatimi su shafa sabon danƙo su ce ba a taɓa amfani da shi ba.

Jabu ba sabon abu ba ne a harkar. A 1872 da 1873 an riƙa liƙa koren kan sarki na sule ɗaya na bogi a kan takardun tangaraho a ofishin gidan waya na kasuwar hannayen jari ta Landan. Ba a farga ba sai a 1898, lokacin da wani matashin dillali, Charles Nissen, ya lura cewa takardar ba ta da alamar nan da ake gani idan an ɗaga ta a haske. Ba a taɓa kama wanda ya yi ba. Abin mamaki, a yau jabun ya fi na ainihin tsada.

Shi ya sa babu mai hankalin da zai zuba manyan kuɗi ba tare da takardar shaida ba. Ƙungiyar Royal Philatelic Society da ke Landan, wadda aka kafa a 1869, na da kwamitin masana da ke tantancewa tun 1894. Tarihin hannayen da abu ya bi kafin ya iso kasuwa shi ma yana ƙara masa kuɗi.

Sha'awa ce ko jari?

Shekaru da dama ana tallata tsofaffin kan sarki a matsayin wurin ajiyar dukiya da ba ya faɗuwa. Abin da ya faru daga baya ya nuna ba haka ba ne.

A watan Nuwamban 2017 reshen Stanley Gibbons da ke tsibirin Guernsey, wanda ke sayar wa mutane kan sarki a matsayin jari, ya durƙushe, masu zuba kuɗi suka shiga zullumi.

Kan sarki mafi tsada a duniya, na tsohuwar Guyana ta Birtaniya na 1856, an saye shi dala miliyan 9.48 a 2014. Da aka sake fitar da shi a 2021, dala miliyan 8.3 ya yi. Wanda ya saya Stanley Gibbons ne, kuma a Disamban 2023 kamfanin kansa ya gaza biyan basussukansa, sai da wasu suka saye harkar.

Dalilin a fili yake. Masu iya sayen irin waɗannan kaya ba su da yawa, kuma farashin da ke cikin littafin dillalai ba shi ne abin da za a ba mutum a hannu ranar da ya matsu ba. Takardar Wallace ma abin da ta gamu da shi ke nan.

Abin da ke cikin tsohuwar adaka

Wannan tarihi ya taɓa Arewacin Najeriya kai-tsaye. Daga 1900 har zuwa haɗewar 1914, yankin na da kan sarkinsa na kansa, bugun De La Rue, da farko da kan Biktoriya, sannan Edwad na Bakwai da Joji na Biyar. A cikinsu akwai na fam 25 da aka fitar a 1904, wanda ke cikin mafiya wuyar samu a duk ƙasashen da Birtaniya ta mulka a Afirka.

Galibin waɗanda za a tarar a adakar kakanni na yau da kullum ne, kuma ba za su mayar da kowa attajiri ba. Duk da haka masu harkar na da ƙa'idojin da ba sa saɓawa. Ba a taɓa kan sarki da yatsa sai da matsefata mai faɗin baki. Ba a barin sa a rana ko a danshi. Ba a shafa masa gam ko salatif.

Mafi muhimmanci, ba a ɓamɓare shi daga ambulan. Hatimin Zungeru ko Lakwaja ko Kano, da kwanan watan da ke jiki, da adireshin inda wasiƙar ta nufa, sau da yawa sun fi kan sarkin kansa daraja. Wanda ya sa almakashi ya yanke shi, ya yar da abin da mai saye zai fara tambaya.